Ƙorafi a Kan Koriyar Fitilarku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Shafi Cikin Sauƙi, jagoran masu gina shafukan intanet, malamin da ɗalibansa ba su taɓa ganin fuskarsa ba, a duk inda ofishinku yake, domin na duba sama da ƙasa ban ga adireshi ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya iyali, yaya gajiya? Ina ma'aikata da masu gadi da mai sharar ofis? Allah ya sa kowa yana lafiya. Na san tsawon gaisuwar nan ya saɓa wa koyarwarku, sai dai ka yi haƙuri, yau ba da shawarar na'urarku mai duba rubutu nake rubutu ba.

Sunana Mujitaba Zakari, mutumin Bebeji, ɗalibinku na nesa. Da darussanku na koyi gina shafi a waya, har ƙungiyar 'yan hatsi ta yankinmu ta damƙa mini nata. Duk ranar kasuwa nakan sa farashin masara da dawa da waken suya, ana karantawa daga Kwanar Dangora har Riruwai. Wanda ya tsaya mini aka ba ni aikin shi ne shugaban ƙungiyar, Alhaji Zailani, aminin marigayi mahaifina, wanda tun da na iya magana Baba Alhaji nake ce masa. A kansa na kawo kuka, amma bari in fara da ƙananan.

Na ɗaya, bidiyon darussanku. Ina yaba wa saurayin nan mai murmushi da kuka ɗauka yana koyarwa, Allah ya ƙara masa haƙora. Shi ne ya koya mana cewa mai karatu ba shi da lokaci, a tafi kai tsaye ga magana. Amma shi da kansa sai ya roƙe mu mu danna wannan, mu bi wancan, mu gaya wa abokai, kafin ya kai ga darasin data ta ƙare. Ranka ya daɗe, shi wa ya koya masa?

Na biyu, rumbunku na hotuna kyauta. Na nemi hoton dawa, aka ce babu. Na nemi manomi, aka ba ni wani jan Bature da malafa, ya jingina da tarakta a gonar da ba ta da iyaka. Da yake kun ce shafi ba hoto kamar miya ce ba gishiri, sai na ɗora shi. Sati bai zagayo ba wani ɗan hatsi daga Kiru ya tare ni yana tambaya, wai sabon sakataren ne, kuma yaushe aka yi zaɓen ba a gaya musu ba?

Na uku, kuma shi ne ya hana ni cin tuwo da daɗi: na'urarku mai duba rubutu, mai fitila uku, ja da rawaya da koriya. Kun ce kada a saki rubutu sai ta yi kore. Ni kuwa ɗalibi ne mai biyayya.

Baba Alhaji ya gina wa ƙungiya sabon ɗakin ajiyar hatsi, aka yi taron buɗewa, aka ce in rubuta labarin. Na rubuta kamar yadda ɗan mutunci zai rubuta. Na fara da sallama, na gaida liman da dagaci, na gaida Ardo da jama'arsa da suka taso daga ruga, na ambaci dattawan da suka zauna a tabarmar gaba kowa da laƙabinsa, na yi wa Alhaji addu'a, na yi wa iyayensa. Fitila ta yi ja, wai gabatarwa ta yi tsawo. Na cire addu'o'in, ta ce da saura. Na cire liman da dagaci, Allah ya yafe mini, ta koma rawaya. Na sallami Ardo da dattawan tabarma gaba ɗaya, tana nan rawaya. Sai ta nuna kanun labarin, wai ya wuce ƙa'ida, a rage kalmomin da ba su da amfani. Na cire "Mai Girma". Na cire "Shugaba". Na tsaya na dubi "Alhaji", shi ma ya dube ni, na cire shi. Nan take ta yi kore, har da 'yar alamar tafi. Wallahi daɗi na ji, kamar na ci jarrabawa.

Abin da ya fita duniya shi ne: "Zailani ya buɗe ɗakin ajiya." Zailani, ranka ya daɗe, haka tsirara, kamar wani sa'ana da muke buga ƙwallo. Sunan da Hajiyarsa ba ta taɓa kamawa ba tun da aka kawo ta gidan. Shin a garinku haka ake kiran aminin uba? Ko kuwa na'urar taku ba ta da dattijo a gidansu?

Na huɗu, maɓallin rabawa. A nan dole in jinjina muku, kun yi alkawarin sauri kuma kun cika. Dannawa ɗaya labarin ya shiga kowane guruf na hira a waya a ƙananan hukumomi huɗu. Kafin in farga in gyara, an ɗauki hotonsa, direbobin hanyar Kano suna nuna wa fasinja. Na bincika darussanku kaf, akwai yadda ake tura abu, babu yadda ake dawo da shi.

Yanzu ga inda ake. Dattawan tabarma sun ce tunda ba su halarci taron ba a shafina, ba su ga dalilin da zan ci gaba da riƙe shafin ba, za su zauna a kaina ranar kasuwa mai zuwa. Ardo ya aiko a tambaye ni ko hanyar da suka tako a ƙafa ce ba ta da amfani. Innata kuwa ta ji labari a gidan suna. Ta dawo ta ajiye mayafi ta ce, "Mujitaba, ni na haife ka ko waya? Ubanka ma Yaya Alhaji yake ce masa." Na ce mata fitila ce ta sa ni. Ta ce to in je fitilar ta ba ni tuwo.

Duk wannan da sauƙi. Na je har gida na tsuguna na ba Baba Alhaji haƙuri. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba. Ya sa na bayyana masa yadda na'urar take aiki, ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai, ya ce, "To, ashe haka ake yi yanzu. Mun koya." Kuma ya koya ɗin. Da can idan na gaishe shi a ƙofar masallaci sai ya riƙe hannuna, ya tambayi Inna da ciwon ƙafarta, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ya tsokane ni a kan aure, ya yi wa mahaifina addu'a. Yanzu sai in zube in jero gaisuwa, ya ce, "Lafiya," ya sa takalmi ya wuce. Ina taya ku murna, ba ku taɓa samun ɗalibi mai saurin fahimta kamarsa ba. Ni kuwa abin yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon abu biyu. Ku aiko mini saurayin bidiyon nan kafin ranar kasuwa, ya sauka a Kwanar Dangora, zan ɗauko shi a babur, ya zo ya tsuguna gefena a gaban dattawa ya yi musu bayani kai tsaye, mu ga yadda za ta kaya. Idan ba zai samu zuwa ba, shafin ma dattawan su karɓa, na yafe. Amma ku da kuke da darasi a kan komai, ku taimaka ku ƙara guda ɗaya: yadda ake sa dattijo ya sake tambayar mutum ina Innarsa.

Allah ya ja zamanin kamfani, ya ƙara wa fitilunku haske.

Naka mai biyayya har abin ya yi yawa,

Mujitaba Zakari Bebeji,
Mai kula da shafin 'yan hatsi, zuwa ranar kasuwa.