Haddar Ƙamus

Har in mutu ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo Haɗejia tantance masu shiga kwaleji ba. Gurbi biyu ne, mu goma sha ɗaya, kuma Baffana ya riga ya faɗa min: in ban samu ba, sanda zan ɗauka in bi shanu fadamar Kirikasamma.

Da aka ce Turanci ne zai raba gardama, sai na aro ƙamus na yi masa abin da na iya tun makarantar allo, wato hadda. Shafi bayan shafi, a jere, da tilawa kowace safiya. Wata bakwai ina wannan aiki na sauke harafi biyu na farko (a lokacin gani nake duk ƙasar Haɗejia babu mai ilimina).

Na shiga ɗakin tantancewar. Wani Bature ne a zaune, gefensa wani dattijon malami daga ofishin ilimi. Baturen ya faɗi wata kalma, ya ce in ba da ma'anarta. Wallahi na san ta! Har ina ganin ta a ƙasan shafi. Matsalar ita ce ban iya isa gare ta ba sai na faro daga sama.

Na runtse ido, na fara. Ban san ina rangaji ba, ban san na ɗauko muryar tilawa ba, sai da na buɗe ido wajen kalma ta ashirin na ga Bature ya ajiye alƙalami.

Malamin ya ce, "Yaro, wace sura ce wannan?"

Gumi ya karyo min. Baturen, don tausayi, ya sauƙaƙa: me Baffana yake kiwo? Sunan saniya da Turanci yana harafi na uku, ni kuwa ban kai can ba. Da na ga babu mafita (Allah Ya yafe min), sai na ɗora yatsu biyu a ka, na yi kukanta.

Sunana bai fito ba. Malamin ne ya roƙi Baffa ya bar ni in sake gwadawa baɗi.

Baffa ya dube ni ya ce, "Wata bakwai, ko sunan saniya ba ka kawo ba?"

Tun ranar nake gaya wa ɗalibaina: ku fara koyon sunan abin da ke ƙofar gidanku, don ba kowa ne zai iya kukan saniya da kyau kamar ni ba.