Hoton Rawar Amarya da Zafin Kaina

Ba zan taɓa mantawa ba da bikin Nafisa, 'yar yayata. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da ɓarawon, ya kuma fi ɓaci da ni kaina.

Mu Hausawan Sudan mun ɗauki al'adar rawar amarya. Amarya kan fito da ƙananan kaya, kai a buɗe, ta yi rawa gaban mata zalla da angonta. Wani namiji ko ƙyallinta ba ya gani. Ga shi zamanin mulkin soja ne, lokacin da zamewar ɗankwali a titi ma kan ja wa mace magana. Shi ya sa ake ajiye mace mai zafi a ƙofa ta karɓe wayoyi, kuma a danginmu na garin Bahri ba a shawara, ni ake sawa. (Na taɓa lalube matar liman har cikin tob ɗinta, wato lafayarta, ko gezau.)

Ni kaɗai Nafisa ta yarje wa ɗaukar hoto, ni da take kira Halti, wato ƙanwar uwa da Larabci. "Halti, ki tura wa Yaya Rabi a Jidda kawai, sai ki goge." Na tura ta shafina na sada zumunta, na goge na cikin waya, na manta hotunan suna nan zaune a akwatin saƙo.

Bayan biki ina cikin raksha, keke mai ƙafa uku, kusa da kasuwar Suk al-Shabi, sai ga saƙo da sunan wata tsohuwar ƙawata: "Ya zola, ke baiwar Allah, ba bikinku ba ne wannan? Bidiyon rawar ya fita!" Ga shuɗin rubutun da ake dannawa a ƙasa. Nan take zuciyata ta tafasa. Wato akwai wadda ta shigo da waya ta gabana? Ban kira ƙawar ba, ban tsaya tunani ba, na danna. Shafi ya buɗe irin na kullum, ya ce in sake sa sunana da kalmar sirri. Na sa, ya ƙi. Na sake sawa a tsanake, harafi bayan harafi, kada ɓarawo ya sha wahalar karatu. Bidiyo bai fito ba, na zagi kamfanin waya na huta.

Mai laifi kuwa tuni na yanke mata hukunci: Samira ƙanwar ango, wadda ta yi ta ƙunƙuni a ƙofa ranar rawa. Washegari na haye Umdurman gidan surukai, na tarar mata cike ana shan shayin gaida amarya. Ko zama ban yi ba.

"Wadda ta ɓoye waya ta ci amanar yarinyar nan, Allah ya isa! Samira, dube ni nan!"

Samira ta ajiye kofinta a hankali, ta miƙo min wayarta.

"Ya Hajja, ma'alesh, yi haƙuri, karanta min sunan wadda ta turo wannan."

Sunana ne. Ga hotona na Umara a gefe, ina murmushi. A ƙasa Nafisa ce, kai a buɗe, tsakiyar rawa, da shuɗin rubutun nan da kalaman nan dai, "bidiyon rawar ya fita." La'anannen ya shige shafina, ya zaƙulo hoton, ya mai da shi tarko ya aika wa duk wanda na sani. Mata suka fara ciro wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Uwar ango ta ce, "Har Malam Bashir ya samu da safe." Malam Bashir baffan ango ne, shi ya ɗaura auren.

Da ƙasa za ta tsage da na shige da takalmana. Ni da na shigo da Allah ya isa, sai ga ni tsugune ina ba Samira haƙuri. Da lambar wayata na samu na ƙwato shafin na sauya kalmar sirri, sannan na yini ina kiran mutane, maza da mata: "Don Allah a goge, kada a danna." Wasu har da tambayata, "Wane hoto?" don dai su ji na faɗa da bakina.

Daga ƙarshe na shiga ɗakin Nafisa. Na so ta zage ni, wallahi da na ji sauƙi. Tana zaune ta rufe kanta ruf cikin wannan zafi.

"Halti, Baffa Malam ya gani?"

Na ce ya gani.

"Khalas, shi ke nan," ta ce. "Da baƙuwa ce da na san abin da zan ce mata."

Har yau, da 'ya'yanta, in Malam Bashir ya shigo gidan sai ta shige ɗaki.

Ɓarawon nan bai fi ni wayo ba, haushi kawai ya ba ni, ni kuma na ƙarasa masa aikin. Yanzu duk saƙon da ya tafasa min zuciya, ajiye wayar nake in kira mai sunan in ji muryarsa. Kalmar sirri kuwa ba na sa ta a shafin da aka turo min, ko da sunan uwata aka turo. Sai kuma na koyi zama in gaisa kafin in ja wa mutum Allah ya isa.