Ɓarawon Burodin Ain Khaled

Laifin littattafan ne, ba nawa ba. Matar da nake yi wa direba a Doha ce ta ba ni su kwali guda, duk labaran wata mai gidan burodi a ƙauyen da ƙanƙara ta rufe, wadda ke gano mai laifi tun kafin kek ɗinta ya huce. Da sanyin shekarar nan na duƙufa a kansu cikin bargo, har na fara yi wa kowa kallon tuhuma.

A gidan burodin unguwarmu, Ain Khaled, na lura da wani dattijo Balarabe. Kullum kafin sallar asuba sai ya sunkuci leda cike da burodi ya fice, ko riyal ba ya ajiyewa. Na gaya wa Sani, abokin ɗakina, cewa na kama bakin zaren.

Ya ce, "Malam, tuƙi ne ya kawo ka ƙasar nan."

Ban ji ba. Washegari na zura rigar sanyi, na tare ƙofa, 'yan layi na kallo. Na gyara murya na ce, "Khalas, shi ke nan, Baba, asiri ya tonu."

Mai gasa burodin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe dattijon shi ne mai wurin, kuma masallacinmu yake kai sadakar burodin, wanda ni kaina nake dangwalawa a shayi kullum bayan sallah. Sai dattijon ya miƙo mini ledar in riƙe masa har masallaci.

Har yau in an sayo burodi, Sani ba ya bari a taɓa. Sai ya turo shi gabana ya ce, "Sufeto, a bincika tukuna. Na halas ne?"