Korau da Fitilar Ganye

A bayan tsohuwar makarantar mishan, wadda ajujuwanta suka zama ɗakunan haya, akwai gidan wata gwauruwa mai suna Rifkatu. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Filibus, da shago a ƙofar gida. Na uku a gidan shi ne ƙanenta Korau, mutum har da furfura a gemu, wanda ta ɗauko daga ƙauye bayan rasuwar uwarsu, don ba mai riƙe shi a can. Korau ba shi da mugunta ko kaɗan. Illarsa ɗaya ce: abin da aka ce ya yi, shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Abin tausayin shi ne ya san ana yi masa dariya, bai dai san a ina yake kuskurewa ba.

Sana'ar Filibus ɗaukar bidiyon biki ce. Yana da kwamfuta a shagon, wadda ya matsa mata har take gudu fiye da yadda waɗanda suka ƙera ta suka nufa. Aiki kam tana yi da sauri, amma ga zafi, ga cin wuta, kuma ko ƙiftawa wuta ta yi sai ta mutu, aikin wuni guda ya koma farko. Saboda haka ya sayo wani baƙin akwati mai batir, wanda masu sana'ar ke kira yufiyes, don ya riƙe ta in an ɗauke wuta.

Wata rana Filibus zai fita, ya ce, "Kawu, ka sa wa kwamfutar nan ido, kada ka ɗauke idonka daga kanta." Korau ya jawo kujera ya zauna. Akuyar maƙwabta ta shigo, yana jin ta a bayansa tana taunar hotunan amarya da aka wanke aka jera a kan benci. Zufa ta karyo masa, amma bai waiwaya ba. Da Filibus ya dawo, ya tarar da rabin ango a bakin akuya.

"Kawu, ba ka ji ta ba?"

"Na ji ta, ɗana. Ido ne ba dama."

Wata rana kuma Filibus ya ce, "Kawu, in ka ji akwatin nan yana kuka, an ɗauke wuta ke nan. Ka kashe duk abin da ke cin wuta, don batirin ya jima." Fanka da rediyo yake nufi. Da akwatin ya yi kuka, Korau ya kashe fanka, ya kashe rediyo, ya kashe kwamfutar kanta. Sai ya ji janareta na ƙara a shagon mai aski. Ya tsallaka titi ya zare wayar abin askin, a daidai lokacin da aka kai rabin kan Baba Dogara, dattijon ikilisiya. Daga nan ya wuce gidan mai ƙanƙara ya kashe mata firij. Rifkatu ta bi gida gida tana ba da haƙuri. Ran Lahadi a coci Korau ya zauna a bencin ƙarshe, kansa a sunkuye, ko waƙa bai iya ɗagawa ba.

Wata rana da zafi ya tsananta, Filibus ya dafa akwatin ya ce, "Batir ba ya son zafi. Kamata ya yi a samar masa wuri mai sanyi." Da kansa yake magana, amma Korau ya ji. Filibus na shiga wanka, ya cire wayoyin a hankali, ya rungumi akwatin, ya kai shi gindin randa ya girke a kan jiƙaƙƙen yashi. Kwamfutar ta mutu da aikin mutane a cikinta. Rifkatu ta zo ɗiban ruwa ta yi tuntuɓe da shi.

"Korau, me na yi maka a duniya?"

"Yaya, taɓa ki ji. Ya huce."

Ana nan, Rifkatu ta fara ƙorafi cewa katin mitar wuta ba ya jimawa tun da akwatin ya shigo gidan. Sai Filibus ya danna wani maɓalli a fuskarsa, wata 'yar fitila koriya mai siffar ganye ta kama. Ya ce wannan tsimin wuta ne. Nan take akwatin ya yi shiru, ya daina huci, Rifkatu ta sa masa albarka. Amma tun daga ranar, duk sa'ad da wuta ta ƙifta sai kwamfutar ta mutu, ga akwatin kuwa a haɗe. Filibus bai nemi dalili da nisa ba.

"Kawu, ka sake taɓawa ko?"

Korau ya yi tunani iyakar ƙoƙarinsa, bai tuna ya taɓa ba. Amma tun da an ce shi ne, to shi ne. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana."

Aikin da ke hannu a lokacin bidiyon bikin 'yar Baba Dogara ne, mutumin da gashinsa bai gama daidaita ba. Aikin ya lalace, aka sake, ya kuma lalacewa, ga dangin ango za su koma garinsu da shi nan da kwana biyu. Rifkatu ta kira ƙanenta tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo.

"Korau, na gaji. In wannan ya sake lalacewa, motar ran kasuwa za ta mai da kai ƙauye."

A ƙauye ba abin da ya rage masa sai ɗakin da ya rushe da kabarin uwarsu. Ya ce, "To, Yaya."

Wata rana, wato washegarin wannan magana, Filibus ya sa kwamfutar aiki da safe, zai tafi ɗaukar bidiyon wani bikin suna. Ya ce, "Kawu, kwamfutar nan kada ka taɓa ta, ko da yatsa." Rifkatu ma za ta taron zumuntar mata. A zaure ta ga ƙwan lantarki yana ci, ta yi tsaki ta ce, "Duk fitilar da ka ga tana ci da rana tsaka, ka kashe ta." Korau ya kashe ta zaure, ya kashe ta makewayi, ya leƙa ɗakuna. Da ya shiga shago sai ya ga ganyen nan kore yana haske a ƙarƙashin tebur. Ya durƙusa ya daɗe yana kallonsa. Kwamfuta aka hana shi, wannan kuwa akwati ne. Fitila ce, rana ce kuma. Ya sa yatsa ya danna.

Ganyen ya mutu, akwatin ya ɗauki huci kamar da. Korau ya san ya sake yi. Ya shiga ɗaki ya tura rigunansa da littafin waƙoƙin uwarsu cikin jaka, ya fito ya tsaya a tsakar gida yana jira. Da la'asar hadari ya taso, aka yi ruwa, wuta ta riƙa zuwa tana tafiya. Bai shiga inuwa ba, don yana ganin bai cancanta ba.

Filibus ya dawo a guje, yana da tabbacin aiki ya sake lalacewa. Ya faɗa shago, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, Rifkatu ta iso da lema, tana kallon jakar.

"Mama, aikin ya kammala," in ji shi. "Ba ta mutu ba ko sau ɗaya."

"Na kashe ganyen," Korau ya ce. "Ni ne. Ba sai an jira ran kasuwa ba."

Filibus ya kasa kallonsa. Ga uwarsa ya juya ya yi bayani: in ganyen na ci, akwatin barci yake, sai wuta ta tafi yake farkawa, kuma yakan makara da ɗan ƙiftawar ido. Kwamfutar kowa takan jure wannan, amma tasa da ya matsa mata ba ta jurewa. In an kashe ganyen, akwatin a farke yake kullum. "Ni na kunna shi, Mama. Duk kwanakin nan Kawu bai taɓa kome ba."

Rifkatu ta rufe baki da gefen zanenta. Korau ya duba wannan, ya duba wancan.

"In koma in kunna?"

"A'a!" suka ce tare.

Filibus ya matso ya karɓi jakar. Ya so ya nemi gafara. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Kawu, zauna. Ba inda za ka."

Korau ya zauna nan inda yake tsaye, cikin taɓon tsakar gida. Ba wanda ya yi dariya. Filibus ya dubi farin wandonsa na zuwa biki, sa'an nan ya zauna kusa da kawunsa.