Yadda Za Ka Kumbura Mahaifinka Cikin Kwana Huɗu Da Tsabar Ƙauna

A ce mahaifinka na kwance a asibiti, zuciyarsa ta gaji, ruwa ya taru masa a ƙafafu. Likita ya ce idan kumburin ya sauka, ranar Alhamis za a sallame shi. Kada hankalinka ya tashi, akwai hanyar hana wannan sallama. Na gwada ta da hannuna a kan Babanmu, kuma ta ci. Ba ta neman ilimi. Tausayi kawai take so, da kunya, da kofi guda. Ka bi ta a sannu, na yi maka alkawari ko Lahadi ba za ku ga ƙofar gida ba.

Mataki na 1: Ka yi ta gyaɗa kai

Ranar farko nas za ta dire robar ruwa ɗaya a kan durowa, ta ce, "Wannan ne ruwansa daga safiyar yau zuwa ta gobe. Shayi, romo, har na haɗiyar magani, duk a ciki ake lissafi. Fitsarinsa kuma kada a zubar sai na auna. Ka gane?"

Ka ce, "Na gane, Sista, Allah ya saka." Kada ka kuskura ka tambayi dalili. Idan ka tambaya za ta yi maka bayani, idan ta yi bayani za ka gane, daga nan aiki ya lalace.

Mataki na 2: Ka dubi leɓensa

Kafin azahar robar ta yi rabi. Baba zai lashi busasshen leɓe, ya ce, "Ɗan nan, jiƙa min maƙogwaro."

"Baba, ai an ce..."

"An ce? Wa ya ce? Yarinyar da na girmi ubanta? Lokacin da kake zazzaɓi kana ƙarami, da awo na riƙa ba ka ruwa?"

Ka ja labule, ka tsiyaya masa rabin kofi daga taka robar. Rabin kofi ba ruwa ba ne. Rabin kofi sau shida ma ba ruwa ba ne, tunda ba a tare ya sha ba. Akwai takarda a rataye a ƙarshen gado, inda ake rubuta abin da ya shiga cikinsa da abin da ya fita. Kada ka wahalar da ita da irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Mataki na 3: Ka rufa masa asiri

Nan ne gwanintar take. A ƙarƙashin gado akwai mazubin fitsari mai layi-layi a jiki. Yanzu kai, kana raye, kana ɗansa na cikinsa, ka bari wata ta ɗaga fitsarin mahaifinka a gaban taga tana ƙare masa kallo, masu jinyar gadon kusa suna gani? Haba.

Da ya gama, ka lulluɓe mazubin da tsumma, ka bi jikin bango, ka juye a bayi, ka ɗauraye shi tas.

"Malam, ina fitsarin?"

"Na zubar, Sista."

"Ban hana ka ba? To nawa ne?"

"Da yawa."

"Da yawa ba lamba ba ce. Wane layi ya kai?"

Ka nuna mata na sama. Ɗa nagari ba ya rage wa ubansa komai. Za ta rubuta, ta ce kada ka sake. Ka sake, amma ka jira sai an yi canjin aiki, don nas ɗin yamma ba ta san halinka ba tukuna.

Yanzu takarda na cewa kaɗan ke shiga, da yawa ke fita. Likita zai karanta, ya ji daɗi, har ya rage ƙwayar da ke sa Baba fitsari. Ka ga, ilimin nasu ma ya koma yi maka aiki.

Mataki na 4: Ka kira Gwaggo

Kowa yana da ita. Tamu ƙanwar Baba ce, ta iso da kular romo a ƙasan jaka, ta danne da tawul. Ta ɗanɗani abincin asibiti ta yamutsa fuska. "Wannan lamin kuke ba shi? Ko akuya sai ta juya kai. Yaya, buɗe baki, na sa gishiri yadda kake so."

Kai naka gadi ne a bakin labule. Gishiri zai riƙe ruwan da ke jikinsa, ya kuma taso masa da sabon ƙishi. Sai ka koma mataki na biyu.

Mataki na 5: Ka ɗora laifi a kan sikeli

Kowace safiya ana ɗora shi a sikeli. Talata ya ƙaru da kilo ɗaya. Laraba, biyu. Nas za ta dubi takarda, ta dubi sikeli, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Gwaggo za ta ce, "Masha Allah, ƙiba ce, ya fara murmurewa." Kai kuma ka ce sikelin ya tsufa. Ko ka ce rigar ce mai nauyi.

Mataki na 6: Ka ƙara matashi

Idan ya ce ba ya iya kwanciya miƙe, ka tura masa matashi. Idan yana haki kamar wanda ya hau bene da buhu, ka ƙara wani, ka yi masa fifita. Ka bar ma'aikata su huta.

Mu dai, da hantsin Laraba ma'aikatan suka shigo a guje, aka ɗaura masa abin shaƙar iska, aka ɗebi jini. Likita ya ce ruwa ya haura har huhu, ya kuma tsinka gishirin cikin jininsa kamar shayin da aka cika wa ruwa, shi ya sa kansa ya fara rikicewa. Ina tsaye a gefen gado. Baba ya janye abin iskar, ya dube ni sosai, ya ce da nas, "'Yata, bawan Allahn nan tun ɗazu yake tsaye. A ba shi kujera mana. Wa ya zo dubawa?"

Mataki na 7: Ka yi shiru

Likita zai ce, "Takarda ta ce ruwa na fita, jikinsa ya ce ƙarya ne. Wa ke kula da shi?" Mai son cikakkiyar nasara sai ya dubi silin.

Ni a nan na gaza. Na faɗi komai, har kular Gwaggo. Nas ba ta ɗaga murya ba. Ta sa na ƙirga kofunan da yatsu, hannu biyu ba su isa ba. Ta ce, "Shekara tara ina auna fitsarin iyayen mutane, ban taɓa raina ko ɗaya ba. Tunda kai ne mai kunya, daga yau kai za ka riƙa ɗagawa a gaban taga, ni in karanta layi."

Gargaɗi

Duk wanda ya bi waɗannan matakai, shi da Mahaliccinsa. Ban aike ka ba, ban san ka ba, ko a hanya muka haɗu kada ka gaishe ni. Gwaggo ma ta ce a shaida ita romo kawai ta kawo. Mai ƙorafi ya haƙura, hannuna a cike yake, don Alhamis ta wuce mun shiga wani mako muna nan.

Yau da safe Baba ya buɗe ido ya nuna kofi. Na jiƙa auduga na shafa masa a leɓe. Ya harare ni, ya ce, "Mara imani. Duk cikin 'ya'yana kai ne mugu."

Na ce, "Na'am, Baba."

Cikin 'ya'yansa, ya ce. Na dawo cikin lissafi ke nan.