Yadda Za Ki Kori Littafin 'Yan Bincike Kafin A Kife Miki Kwano

'Yar'uwa, idan 'yarki ta aro littafin nan daga makaranta, wanda wasu matasa uku suke gano ɓarawon rumbu ta hanyar bin sawu, ki zauna ki saurare ni. Tawa 'yar farin, mai shekara goma sha ɗaya, ta karanta shi sau biyu. Yanzu ko ludayi ne ya ɓata, sai ta jera mu ta yi mana tambayoyi. Ga matakai biyar da za su raba gidanki da shi. Tabbas ne, ba a taɓa jin sun ƙi ba.

1. Kada ki karanta shi

Karatu yana raunana ra'ayi. Maƙwabciyata Hapsatu ta ce bari ta duba shafi ɗaya don ta samu abin kushewa, ba ta ɗago ba sai da shinkafarta ta kama. Yanzu cewa take, "Wallahi yaran nan sun fi maigidana lura." Mun rasa ta.

2. San abin da kike karewa

Kowace uwa da nata. Ni nawa dambu ne. Duk wata surukata, Inna, takan zo Birnin Kudu daga Fagam, in ajiye mata dambun zogale, ta koma ta cika ƙasar Gwaram da labarin hannuna. To, Safiyatu ta bayan gidanmu ce take yin sa, ni kuma in yi wa 'ya'yanta kitso. Shekara uku ba wanda ya ji. Wannan ba ƙarya ba ce, zumunci ne.

3. Fake da tarbiyya

A taron iyaye, miƙe ki ce littafin yana koya wa yara sa ido. Kada ki ce a kan wa. Malam Ƙasimu mai kula da littattafai zai ce, "Malama, ai lura yake koya musu, iyaye da yawa sun yaba." Ce masa, "Malam, lura da sa ido ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya." Sannan ki zauna da sauri, kafin ya tambaye ki sunan littafin.

4. Duba gindin kwano

Kin san kowace mace tana ɗiga fenti a gindin kwanukanta don kada su ɓace a gidan biki. Nawa ja ne. Na Safiyatu shuɗi, ɗigo biyu. Juye dambun a naki kafin ki kai. Wannan matakin ni ma ban san da shi ba sai ranar Asabar da ta wuce.

Inna tana cikin cin dambun, 'yar tawa ta zo ta durƙusa da littafin rubutunta.

"Inna, me ya sa gizo-gizo ya yi saƙa a madambacinmu? Me ya sa yau ba a ga hayaƙi a gidan nan ba? Kuma in kin gama, ara mini kwanon."

Na ce, "Ke! Tashi ki ba mutane wuri."

Inna ta ce, "Ƙyale ta." Ta siɗe hannu, ta kife kwanon da kanta. Shuɗi, ɗigo biyu.

5. In an kama ki, sunkuyar da kai

Inna ta dubi jikarta. "Khuzaima, sai yau kika gano? Ni tun ranar farko na gani. Wanda uwarki ta taɓa yi mini da hannunta, ko kaji sai da suka yi shawara kafin su ci."

Ta juyo gare ni. "Ki gaida Safiyatu, ki ce ta rage barkono. A Fagam kuwa ba mai ji daga bakina, ni ma ai ina shan yabo da ke."

Daga nan ta sa a karanta mata littafin. Ra'ayinta shi ne ɓarawon rumbun sakarai ne, tunda bai iya share sawunsa ba. Tana faɗa tana kallona.

A kula: duk wadda ta bi matakan nan aka kife mata kwano, ita da surukarta, ba ruwana. Littafin ma yana nan a gidana, Inna ta hana a mayar sai an kai mata ƙarshensa. Mai ƙorafi kada ta neme ni a gida, ina wajen Safiyatu ina koyon turara tsaki.