Hagu da Daman Nomau

A Kukar Mairo, can ƙarshen gari inda hanya ta mutu, akwai wani gida mai ɗaki biyu da rumbu ɗaya. Masu gidan uku ne in an haɗa da akuya: Inna Kuluwa, da ɗanta tilo Nomau, da akuyarsu Gwamma. Mahaifin Nomau ya rasu tun yaron yana goye. Nomau ya tashi dogo, ƙirji kamar ƙofar zaure, ga ladabi ga ƙarfi, amma fa magana yadda ka ajiye masa ita haka zai riƙe ta, ba ragi ba ƙari. In ka ba shi riƙon jaki ka shiga kasuwa, ka manta ka bi ta wata ƙofa ka tafi gida, gobe a nan za ka same shi da igiya a hannu.

Inna Kuluwa buri ɗaya gare ta a duniya, ta ga Nomau cikin kaki irin na yayanta Jatau, wanda ya yi aikin ɗan sanda har ya ajiye yana kofur. Sai dai yanar ido ta fara kama ta, har ta kai tana shanya hatsi kaji na ci a gabanta ba ta gani. Da aka zo ɗaukar kuratan 'yan sanda, aka ce tsawo ake so da faɗin ƙirji da gudu. Waɗannan kuwa Allah ya ba Nomau har da gyara, don haka aka ɗauke shi.

Ranar tafiya Kawu Jatau ya raka shi tasha yana ta zuba nasiha tun daga ƙofar gida. Yawancinta ta bi iska, amma wasu sun zauna daram a kan Nomau.

“Abin da na gaba da kai ya sa ka, ka yi ta yi, kada ka daina sai shi ya ce ka daina. Takalminka kuwa shi ne mutuncinka, kada ka bari ƙura ta taɓa shi. Kuma ka ji ni da kyau, in kana cikin kaki kada ka karɓi komai daga hannun kowa, ko da ruwa ne. Abin da ya ɓata aikinmu ke nan.”

“To, Kawu.”

Inna ta lalubo hannunsa ta riƙe. “Ni ba ni da ta cewa. In ka ga tsohuwa a can, ka ɗauka ni ce. Ka kuma yi sauri ka gama, Nomau, idon nan ba jira yake yi ba.”

Mota ta tashi yana leƙe ta taga. Ya ga Inna tana ɗaga hannu, amma wata motar daban take ɗaga wa.

Wata rana, a makon farko a makarantar horar da 'yan sanda, aka fito da kurata fareti. Mai koyar da su Saje Bulus ne, gajere mai gashin baki, wanda in ya yi tsawa har tantabarun bariki sai sun tashi. Ya ba da umarni da Turanci, kowa ya ɗaga ƙafar hagu, Nomau ya ɗaga dama. Aka ce a juya, ya juya ya yi karo da na bayansa, mutum uku suka zube. Saje ya zo ya tsaya a gabansa yana ɗaga kai don ya ga fuskarsa.

“Kai, daga yau duk takun da za ka yi, ka faɗi sunan ƙafar da ƙarfi. Hagu, dama. Kada ka daina sai na ce ka daina.”

“To, Yallaɓai.”

Maganin ya ci, don daga ranar Nomau bai sake ɓata taku ba. Sai dai kafin mako ya zagayo aka tura Saje Bulus kwas wani gari, ya tafi bai tuna da zancen ba. Nomau kuwa hagu dama zuwa famfo, hagu dama zuwa banɗaki, hagu dama har cikin sahun salla. Kofur Ɗanladi, wanda ya karɓi ajin, ya ce ya rufe masa baki.

“Yallaɓai, ai ba kai ka ce in fara ba.”

Kofur ya sa shi tsallen kwaɗo. Nomau ya tsuguna ya kama kunne, yana nazari, don ƙafafun tare suke tashi. Can sai aka ji shi yana zagaya fili yana cewa, “Duka biyu, duka biyu.” Kofur ya juya baya don kada kurata su ga haƙoransa.

Wata rana aka ce Kwamandan makaranta zai duba tsabtar kurata. Kowa ya jeru. Kwamanda yana bin sahu yana kallon ƙafafu, baƙin takalmi, baƙin takalmi, sai ga yatsu goma tsirara sun yi futu-futu. Ya ɗago kai a hankali. Ga takalman Nomau rataye a wuyansa, an ƙulle igiyoyinsu, suna ƙyalli har mutum ya ga fuskarsa.

“Me ya hana ka sa su?”

“Yallaɓai, filin nan duk ƙura ne.”

Kwamanda ya ce tun da ya fara aiki bai ga takalmi mai kyan wannan ba, bai kuma ga kurtu mai wautar wannan ba. Aka tilasta masa ya sa, aka kuma ba shi yankan ciyawa. Yana yanka yana tuna Gwamma, har ya tara mata mai laushi gefe guda kafin ya tuna nisan da ke tsakaninsu.

Wata rana aka raba wa kurata kakin horo, aka kuma buga ƙararrawar abinci. Da layi ya zo kan Nomau, mai rabo ya miƙa masa kwano. Nomau ya dubi kwanon, ya dubi rigarsa, ya mai da hannu baya.

“Karɓi mana, mutane na jira.”

“Ina cikin kaki.”

Yunwa kuwa ba ta san nasihar Kawu ba. Nomau ya yi tunani iya nasa, sai ya ɓalle maɓallai, ya tuɓe riga da wando ya ninke, ya karɓi kwano daga shi sai gajeren wando, ya ajiye a ƙasa, sannan ya mai da kayansa. Haka ya riƙa yi safe da rana har aka saba. Amma ranar da aka kai su ɗakin makamai, mai kula da wurin ya miƙo masa bindiga, ya ga ƙato ya fara kwance bel. Mutumin ya ja da baya ya kira Kofur. Daga ranar duk abin da za a ba Nomau a kan tebur ake ajiye masa.

Wata rana aka sa shi gadin ƙofa da safe. Akwai wata tsohuwa, Iya Saratu, da ke toya ƙosai a gindin darbejiyar bakin ƙofar. Yana ganin furfurarta ya taka, hagu dama, ya durƙusa a gabanta.

“Inna, ina kwana. Yaya idon?”

“Idona kuma? Lafiyarsa lau, ɗan nan.”

“Alhamdu lillahi. Gwamma ta haihu?”

“Wace ce Gwamma?”

Ya ba ta labari tun daga tasha. Iya Saratu ta fara dariya, amma kafin ya kai ƙarshe dariyar ta tsaya, don ita ma nata ɗan yana can kudu, ya daɗe bai leƙo ba. Ta tsamo ƙosai mai zafi ta miƙa masa. Nomau ya kai hannu ga maɓalli.

“A'a, rufa mana asiri a bakin titi. Buɗe baki.”

Ya auna maganar Kawu da ta Inna. Kawu hannun kowa ya ce, Inna kuwa ai ba kowa ba ce. Ya buɗe baki, ta hura ƙosan ta sa masa, kamar yadda Inna ke yi masa yana ƙarami. Kewar gida ta taso masa, ya tauna yana hawaye. Daga ranar kullum sai ya tambaye ta Gwamma, ita kuma ta ce tana nan tana ɓarna, ya koma bakin ƙofa da ɗan sanyi a ransa.

Wata rana, damina ta yi nisa, Kawu Jatau ya kira wayar Kofur Ɗanladi ya ce a ba shi Nomau. Aka ajiye masa wayar a kan benci ya ɗauka. Bayan gaisuwa Kawu ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa. Idon Inna ya rufe, yanzu rana ma sai dai ta ji zafinta.

Nomau ya ajiye wayar ya ƙame a gaban Kofur.

“Yallaɓai, Inna ta ce in yi sauri, ban yi ba. A haɗa mini faretin da ya rage duka in yi shi yau.”

“Ba haka ake yi ba, Nomau. Wata sai ya cika.”

Bai gane ba. Ya fita fili shi kaɗai cikin tsakar rana, ya yi ta kai da komo, hagu dama, hagu dama, ko watannin za su ragu. Kurata suka fito kallo suna dariya, daga baya suka koma ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Sai da la'asar ta yi sanyi Kofur ya je ya kamo hannunsa.

Da ranar yaye kurata ta matso, Kwamanda ya kira Nomau ofis. Ya ce manyan baƙi za su zo, kuma a faretin ranar ganga kaɗai ke magana.

“In na ji muryarka, a filin zan sa a tuɓe maka kakin nan ka koma ƙauyenku. Ka ji?”

“Na ji, Yallaɓai. Saje Bulus ya ce in daina?”

Kwamanda ya nuna masa ƙofa. Kofur Ɗanladi ya cusa shi tsakiyar sahun baya, yana fatan ƙarar ganga ta rufa masa asiri.

Ranar ta zo da hadari. Iyaye suka cika rumfa, cikinsu har da Kawu Jatau da tsohuwar hularsa ta aiki, yana riƙe da hannun Inna Kuluwa. Ta sa zanenta na salla ta zauna tana fuskantar inda ƙarar take.

“Yaya, ka gan shi?”

“Duk kansu ɗaya, Kuluwa. Kai a aske, hula iri ɗaya.”

Ta sunkuyar da kai. Ta biyo doguwar hanya, ga shi ko mai ido bai iya nuna mata ɗanta ba.

Aka fara fareti ana yayyafi. Sahu na dab da rumfar manya sai fatar babbar ganga, wadda ta sha ruwa, ta fashe. Masu busa suka rikice suka yi shiru. Ƙafafun kurata suka fara saɓawa, na gaba na waige, na baya na tuntuɓe. Sai ga murya ɗaya daga sahun baya, wadda dama can ba ta tsaya ba, ta cika filin.

“Hagu, dama. Hagu, dama.”

Ƙafafu suka kama ta, taku ya koma ɗaya, sahu ya wuce gaban manya a miƙe. Babban baƙo ya karkato ya ce wa Kwamanda dabarar ajiye mai kiran taku a baya ta burge shi. Kwamanda ya yi gyaran murya ya ce ai sun daɗe suna shirya ta.

Inna Kuluwa kuwa tuni ta miƙe tsaye, ta saki hannun yayanta.

“Ga shi can. Yaya, ga Nomau can.” Tana nunawa da yatsa, yatsan yana bin muryar daga wannan gefen fili zuwa wancan, bai kuskure ba.

Da aka tashi, Nomau ya nufo rumfa, tana jin zuwansa tun daga nesa. Ya durƙusa. Ta shafa hular, ta shafa kafaɗa, ta bi maɓallan da yatsa har zuwa bel, ta sunkuya ta taɓa takalman.

“Inna, ban yi sauri ba.”

“Ka yi, ɗana. Tashi ka taka in ji.”

Ya tashi ya fara. Sai ga wani gajere mai gashin baki ya ratso taro, Saje Bulus ne ya dawo kallon yaye ɗalibansa. Ya tsaya baki buɗe.

“Kai, har yanzu? To, ya isa haka, ka dai—”

Inna ta ɗaga hannu wajen da maganar ta fito.

“Don Allah, Yallaɓai, kada ka ƙarasa. Da muryar nan nake ganinsa.”

Saje Bulus ya dubi idanunta, ya haɗiye sauran maganar, ya ƙame ya sara mata. Nomau ya kama hannun Inna suka nufi ƙofa, inda Iya Saratu ke jiransu da ƙosai, shi yana faɗa da ƙarfi, ita tana bin takunsa.